Ƙannena ɗaliban Maradi, jami'a ba amfi da ɗaki kaɗai ba ce

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata, musamman ku da kunka samu bak bana kunka shigo jami'a. Allah shi sa albarka, Allah shi saka ma iyaye da alheri. Ni yayanku ne, na bi hanyar ga kafin ku, kuma maganar da zan yi ta daɗe tana ci mani rai, don haka ku yi haƙuri in ta yi tsawo.

Abin da ke damuna shi ne yaro ya shigo jami'a, ya yi shekara ukku na lisans ya fita, amma in ka cire abokin ɗakinshi da mai yi mashi fotokofi babu wanda ya san da zamanshi. Daga amfi, wato babban zauren darasi, sai ɗaki, daga ɗaki sai resto, daga resto sai salula har biyun dare. Sakamakonshi mai kyau ne ba a ce komi ba, amma ka tsaida shi gaban mutum ashirin ka ce ya yi bayanin minti biyar sai zufa ta keto mashi, bai taɓa rubuta takarda zuwa wani buro ba, bai taɓa riƙe kuɗin jama'a ko dala ba, bai taɓa shirya taro ya ga wahalar neman kujeru da lasifika da izinin ɗaki ba. Sannan ya amshi diflom ya zauna gida yana cewa babu aiki. Gaskiya ne aiki ya yi wuya ƙasar ga, ba ni musu, amma wallahi ɗan abin da ke akwai ɗin ma wanda anka sani ya iya zama da mutane shi ake kira.

Ku tuna jami'ar ga ba ta daɗe ba. Yayyenmu da sunka samu bak kafin mu dole sai sun ɗauki jaka sun tahi Yamai, fiye da kilomita 600, don jami'ar Abdu Mumuni ita kaɗai ce ta gwamnati. IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'a, ta fara 2008, a 2010 anka yi jami'o'in Maradi da Tawa da Damagaram. Mutumen da tamu ke ɗauke da sunanshi, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan garin ga ne, masanin kimiyyar sinadarai, kuma bai tsaya cikin labo kaɗai ba, ya riƙe ministan ilimi ya kuma shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu magana da Faransanci. To samun jami'a ƙofar gida alheri ne babba, amma ya zo da wata illa da nike gani ga ɗiyan cikin gari. Wanda ya zo daga Dakwaro ko Tasawa ko Difa dole ya nemi mutane, don ba shi da kowa. Amma ɗan unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam sai ya maida jami'a kamar ci gaban lise, ya hau moto ya zo kur, malam na rufe baki ya tada moto ya koma fadar unguwa wurin abokan da ya sani tun yarinta. Shekara ukku bai yi aboki Bazabarme ko Babarbare ko Buzu ko guda ba, alhali ga su nan benci ɗaya da shi. Wannan asara ce ƙanena, don gobe ba ka san inda serbis sibik, wato bautar ƙasa, ko aiki za shi jefa ka ba.

Abin da nike roƙonku kaɗan ne. Kowa ya zaɓi abu ɗaya bayan karatu ya riƙe shi da gaske. Ko ƙungiyar 'yan yankinku, ko AEMN ta ɗalibai Musulmi, ko kulob na fakultenku, ko ƙwallo, ko ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj, ko wasan kwaikwayo da muhawara. Ɗaya na ce, don akwai masu shiga biyar su sa suna ko'ina don a ɗauke su hoto, kuma ba a tauna taura biyu. In ka shiga kada ka zama mai zuwa ranar shagali kawai, ka amshi aiki, ko da rubuta abin da anka tattauna ne, ko share ɗakin taro.

Na taɓa ganin wata yarinya 'yar wajen Mayahi da anka ba ajiyar kuɗin ƙungiyar 'yan yankinsu. Kaye guda gare ta, ta ja layi da bik ja, gefe ɗaya suna, gefe ɗaya kwanan wata, gefe ɗaya abin da mutum ya ba da, mai dala ashirin da mai ɗari duk sai ya sa hannu. Abin da ya fita kuwa sai ta liƙa takardar shaida bayan shafin, har ta kabu-kabu sai ta rubuta ta sa wanda ya hau ya sa hannu. Wani dare ɗaya daga cikinsu ya kwanta da zazzaɓi anka kai shi likita, anka rubuta magani, babu wanda ke da kuɗi don burs ba ta fito ba, ita ta fiddo jika shidda daga asusun anka sayo, da safe ta rubuta ta kai ma shugaba ya gani. Ranar babban taro ta miƙe da kayenta ta karanta tun daga farko har dalar ƙarshe, muryarta na rawa da farko amma ta kai ƙarshe, kuma babu wanda ya samu abin tambaya. Ku gaya mani wane malami ke koyar da wannan cikin amfi? Riƙon amana sai an ba ka ka riƙe ake sanin kana da shi, kai ma sai lokacin kake sanin kanka.

Kuma ku ji tsoron Allah game da kuɗin nan. Wani sai ya ce ai ranta na yi, in burs ta fito in maida, jika biyu yau jika ukku gobe, ranar lissafi a rasa inda za a kama. Maradi gari ne da kowa ya san uban kowa, in anka ce wane ya ci kuɗin ƙungiya maganar za ta riga ka zuwa duk inda ka kai dosiye, shekara goma ba ta goge ba. In ka san hannunka ba shi da ƙarfi ka ce a ba wani, ba abin kunya ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ya haɗa karatunshi da garin. Kai da ke agronomi, Jiratawa na nan kusa, gulbi na nan, cibiyar binciken noma ta INRAN na nan Tarna, mi za shi hana ku haɗu ku biyar ranar Asabar ku tahi ku zauna da masu noman rani ku ga yadda tsutsa ke cin tumatir da idonku, ku ji mi suke fesawa da yadda suke auna shi? Sassaben zamani da duniya ke yabo yau, wato barin kututturen itace ya toho cikin gona a gyara shi ya girma, nan jihar Maradi ya kafu cikin shekarun 1980, manoman nan ne sunka yi shi tare da wani ɗan Ostareliya Tony Rinaudo. Akwai tsofaffi ƙauyukanmu da sunka san abin ga fiye da abin da ke cikin takardunku, ku je ku tambaye su da ladabi tun suna raye. Ku masu karatun likita kun fi ni sanin abin da ke faruwa daga Agusta zuwa Oktoba, yadda zazzaɓin sauro ke shanye jinin yara uwa ta zo da ɗa fari fat ana neman mai ba da jini. Jami'a cike take da samari masu lafiya, in kunka tsara ba da jini kafin damana ta yi nisa, kunka bi ɗaki ɗaki kunka cire ma mutane tsoro, rayukan da za ku ceta Allah kaɗai ya san yawansu. Masu lissafi da fizik, unguwarku akwai yaran BEPC da bak da ubansu ba shi da kuɗin mai koyarwa a gida, allo guda da alli da tabarma sun isa. Masu gini da lantarki na IUT, makarantar unguwa ko masallaci da waya ke ta tartsatsi, ku duba masu ƙarƙashin wanda ya fi ku sani.

Kuma duk wannan da Hausa za ku yi shi, nan ne za ka gane ko ka fahimci karatun ko haddace shi ka yi. Wanda ya iya yi ma tsohuwa bayanin dalilin gama maganin zazzaɓi ko da jiki ya yi sauƙi har ta gamsu, ya fahimta. Tun 2025 ma hukuma ta ce Hausa ce harshen ƙasa, don haka kada kowa ya ji wai ya rage daraja don ya yi bayanin ilimi da harshen uwarshi.

Sai maganar sandika. USN, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ba ƙaramar ƙungiya ba ce, tun 1960 take, kuma ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai ukku sunka rasa ransu gadar Kennedy a Yamai, abin da ya taimaka ƙwarai wajen kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Don haka ba ni cikin masu cewa ɗalibi ya nisanci sandika. Ku je AG, wato babban taron ɗalibai, ku saurara, ku yi tambaya, ku san mi ake nema da wa ake nema wurinshi kafin ku ɗaga hannu. Amma kada ka bari wani ɗan siyasa ya saye ka da kuɗin esans, kada ka fasa gilashin amfin da ƙanenka za shi zauna ciki baɗi, kada ka zagi malami ko ka ɗaga hannu ga ɗan uwanka don ra'ayinku ya bambanta. Kai kuma delege, kamarad, ka ci jarabawarka. Mai magana da sunan ɗalibai ya kamata a ce ko malamai sun san shi da ƙoƙari, in ba haka ba maganarshi ba ta da nauyi ko da gaskiya ya faɗa.

In karatu ya tsaya saboda yajin aiki, ko na malamai ko namu, nan ne ake gane bambanci. Sati ukku sati huɗu babu kur, wasu su ƙare shi fada. Ni ba ni zagin fada, nan ake jin labarin istaj, nan ake taimakon juna ranar biki da ranar rasuwa. Amma shayi na ɗaya na biyu na ukku da safe, a sake ɗora wani da la'asar, a yi ta gardamar Barsa da Madrid har dare, wannan kashe kai ne. Mafi muni cacar ƙwallo da ta shigo cikin salula, yaro ya jira burs wata da watanni, ta fito ya zuba ta cikin kwana biyu yana jiran tike ya ci, alhali tsohuwarshi ta saida akuya ta aiko mashi kuɗin rajista. Haramun ce kuma talauci ce. Haka tiramol da wasu ke sha wai don su kwana karatu, ƙanena wanda ya fara don jarabawa ba ya tsayawa ga jarabawa. Lokacin nan ka koyi kwamfuta da kyau, Word da Excel ba Facebook ba, ka gyara Ingilishinka tunda ga Katsina nan kusa kuma kasuwancin garin ga da yawa da Najeriya ake yin shi, ko ka bi wani mai sana'a ka koyi gyaran sola ko ɗinki.

Ƙannena mata, ku shiga a yi da ku. Kada duk ƙungiya a ce aikinku dafa abinci da raba ruwa ranar taro, ku nemi sakatare, ku nemi ma'aji, ku nemi shugabanci in kun ga za ku iya. Ku sanar da gida inda za ku da lokacin komowa, yardar iyaye ita ke sa gobe su bar ƙanwarki ta zo jami'a. Ku kuma maza ku sa taro da rana, a tashi kafin magariba, don yarinyar da za ta nemi adaidaita zuwa unguwa mai nisa. Wanda ya maida ƙungiya hanyar amsar lambar 'yan mata ya sani shi ne ke sa iyaye na hana ɗiyansu, kuma alhakin na kanshi.

Karatu dai shi ya kawo ku, wannan ba ya canzawa. Tsarin LMD, wato lisans, masta da doktora, ba ya jiran kowa, in ka bar darussa sunka taru maka, ranar ratarafaj, wato sake jarabawa, za ka sha wuya, don haka in jarabawa ta matso da sati biyu ka ajiye komi ka gaya ma 'yan ƙungiya sai bayan an gama, masu hankali za su gane. Duk aikin da ka yi kuma ka nemi atestasiyo da sa hannu da tambari ka adana wuri ɗaya, ranar haɗa dosiye za ka gode ma Allah.

Ku kuma manya 'yan shekara ta biyu da ta ukku da masu masta, sabbin nan amana ce hannunku. Yaro ya sauka tasha da buhun gero da katifa naɗe, bai taɓa kwana Maradi ba, bai san ina ake rajista ba, bai san yadda ake neman ɗaki ko tiken resto ko takardun burs ba, yana jin kunyar tambaya don kada a yi mashi dariyar Faransancinshi. Kada ku tarbe shi da wulaƙanci da sunan al'ada. Ku raba kanku, wasu su tsaya bakin ƙofa satin rajista, ku kama hannunshi ku kai shi buro buro, ku ba shi tsofaffin takardun jarabawa, in ba shi da wurin kwana ku matsa mashi gefen tabarma har ya samu, sannan ranar taronku na farko ku je ɗakinshi ku ɗauko shi ku tahi tare.