Kafin ka sayi sabon wasan kogo, tambayi abin da zai yi idan rezo (intanet) ya tafi

Manyan sababbin wasannin bidiyo kan fito a kasuwannin Turai a kan yuro 70 zuwa 80. Da yake an ɗaure sefarmu da yuro a kan 655.957, lissafin ba wuya: sefa dubu 46 zuwa dubu 52 ke nan, tun kafin mai sayar da katin biyan kuɗin wasa ya ɗora ribarsa. Mafi ƙarancin albashi a Cadi sefa dubu 60 ne, kuma shi ne adadin da aka tsayar a Kamaru a 2023 ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba. Saurayin Garwa ko na Njamena da ya ga tallan sabon wasa ransa ya biya, kusan albashin wani na wata guda yake shirin zubawa. Ba na cikin masu cewa kuɗin wasa asara ne. Wanda ya nemi halaliyarsa yana da ikon ya huta da ita. Abin da nake ja a kai shi ne mizanin da muke auna wasan da shi kafin mu biya.

Ga wanda bai saba ba, wasan kogo shi ne wanda ake ba ka jarumi guda, ka kutsa wani kurkuku na ƙarƙashin ƙasa, kana sauka hawa bayan hawa, kana kashe dodanni, kana tsintar takobi da sulke da magani, har ka iske babban dodo a ƙarshe. Tsohon salo ne. A 1980 wasu ɗalibai a Amurka suka yi Rogue, wanda babu ko hoto a cikinsa sai haruffa, amma ya zo da dabaru biyu da ake amfani da su har yau: kwamfuta ce ke zana sabon kogo duk lokacin da ka fara, kuma in jaruminka ya mutu, ya mutu ke nan, sai ka koma farko. Daga baya Diablo na kamfanin Blizzard ya kai salon gidajen miliyoyin mutane. Daɗin irin wannan wasa yana cikin maimaici. Ba labari ba ne da za ka gama cikin kwana uku ka ajiye, shi ya sa ma, in an dace da mai kyau, babu nau'in da ya fi shi biyan kuɗinsa.

To, amma masu sharhin da ke ba wasa maki tara cikin goma suna zaune ne inda wuta ba ta ƙiftawa, intanet kuma na shigowa gida ta waya, ba iyaka. Suna auna kyawun hoto da faɗa da labari. Tambayar da ta fi damunmu ba ta ma zuwa musu a rai, domin ba su taɓa buƙatarta ba: wasan nan yana tashi ba tare da intanet ba?

Diablo IV, wanda ya fito a watan Yunin 2023, ba ya tashi. Ko kai kaɗai kake so ka buga, ko da faifai ka saya ka riƙe a hannu, sai na'urarka ta haɗu da kwamfutocin kamfanin, kuma ta zauna a haɗe. A kwamfuta yana neman wuri har gigabayit 90, ga gyare-gyaren da ake turowa a kai a kai, kowanne sai ka sauke kafin a bar ka ka shiga. Kowa ya buɗe wayarsa ya duba nawa yake sayen gigabayit ɗaya, ya ninka. Sau da yawa kuɗin data na wata biyu ko uku ya kamo kuɗin wasan kansa. Sannan akwai yanayin da gwanaye suka fi so, inda mutuwa ɗaya ce tak. Mutumin da ya fara kai matakin 100 a wannan yanayi, makon da wasan ya fito, ba dodo ne ya ci shi ba: sadarwarsa ce ta katse, kafin ya dawo jarumin ya mutu. Wannan fa ƙwararre ne mai kayan aiki na gani na faɗa. Ina ga wanda ke jona wasa da wayarsa a unguwar Yelwa ta Garwa, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo mai ba da wuta ya ja baya, ana rabon wuta unguwa-unguwa?

A yi wa kamfanonin adalci, suna da hujja. Wasan da ake haɗuwa da baƙi ana musayar kaya, in aka bar shi a hannun kowa, 'yan maguɗi za su cika shi da makaman jabu. Na yarda. Sai dai hujjarsu ba ta sauya abin da mai saye ya samu. Wasan da ba ya aiki sai da izinin kamfani haya ce aka ba ka, ranar da mai gida ya ga dama zai rufe ƙofa. An gani a 2024, lokacin da Ubisoft ya kashe kwamfutocin wasan tseren motoci The Crew, waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari da faifan da ba ya komai.

Ga kuma Hades na ƙaramin kamfanin Supergiant, wanda ya kammala fitowa a 2020 a kan dalar Amurka 25, wajen sefa dubu 15. Sau ɗaya za ka sauke shi. Yana adana inda ka kai duk lokacin da ka shiga sabon ɗaki, saboda haka in an ɗauke wuta, ɗaki guda ka rasa, ba aikin wata ba. Mai wayar Android ma yana da Shattered Pixel Dungeon kyauta, ba ya cin wuri, ba ya neman rezo, kuma dodanni ba sa motsi sai ka motsa. Kana iya ajiye wayar ka yi sallah, ka dawo ka tarar da ɓeran kogo yana nan tsaye yana jiranka. Hotonsa bai kai ya burge kowa ba, amma hawa 25 ɗin nan sun isa su cinye wa mutum damina guda bai ga ƙarshensu ba.

Wani ƙanena da ke da ɗan gidan wasa, talabijin huɗu da benci biyu da fanka mai ƙara, ya tare ni da wannan magana kwanaki. “Yaya, yara sun dame ni in sayo musu na dodannin nan.” Na tambaye shi yadda yake karɓar kuɗi. Ya ce wasa-wasa, kamar kowa: mutum biyu su ɗauki manet, wato abin sarrafa wasa, su buga ƙwallo minti goma, wanda aka ci ya tashi, na bayansa ya zauna. Na ce to wanda ya shiga kogo fa, yaushe zai tashi? Mutum ɗaya zai riƙe talabijin sa'a biyu, gobe ya dawo yana neman jaruminsa, ya tarar wani yaro ya shiga ya sayar da takobin da ya sha wuya a kai. Ranar sai an kira manya. Wasan kogo na mai na'urar kansa ne, ko abokai biyu da suka yarda da juna. A gidan haya, ƙwallo da dambe su ne masu kawo kuɗin mai na janareta.

Akwai kuma wahalar biya, wadda ita kaɗai ta isa ta sa mutum ya yi taka-tsantsan. Babu shagon PlayStation na Kamaru ko na Cadi, don haka galibi da adireshin Faransa ake buɗe asusu, a tura wa wani kuɗi ta waya, ya turo lambar kati. A shagon PlayStation kana da kwana 14 ka fasa, amma da zarar ka fara saukewa, hakkin ya faɗi sai in wasan na da lahani. Steam, shagon intanet na wasannin kwamfuta, ya fi sauƙi: cikin kwana 14, matuƙar ba ka buga sa'a biyu ba, za a mayar maka. Mai kwamfuta ya yi amfani da wannan dama da wayo. Ka sauke, ka kashe intanet da gangan, ka ga ko zai tashi, ka saurari fankar na'urarka. Sa'a biyu ba za su nuna maka ko wasan zai gundure ka bayan wata ba, amma za su nuna ko zai zauna lafiya a ɗakinka.

Biya tun kafin wasa ya fito kuwa cinikin biri a sama ne. Waɗanda suka yi wa Diablo III haka a 2012 sun kwana suna kallon saƙon kuskure mai lamba 37. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 da lahani mai yawa har Sony ya cire shi daga shagonsa. Wanda ya jira, an gyara masa wasan kuma an rage masa kuɗi, don Steam na yin babban rangwame a ƙarshen Yuni da kuma Disamba. Iyakar abin da ya rasa shi ne ɗokin satin farko.

“Kyauta” ma a dube ta da kyau. Diablo Immortal ba a biyan ko dala a sauke shi, amma a ciki ana sayar da damar tsintar duwatsu masu ƙarfi, ka biya ba ka san abin da zai faɗo ba. Tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a a matsayin caca, kuma wasan bai fito a can ba, haka ma a Holan. Ban ga dalilin da zai sa mu, da muka san hukuncin caca tun muna makarantar allo, mu fi su sakaci ba, musamman iyayen da ke barin lambar asusun kuɗin waya a hannun yara.

Wani zai ce duk wannan dogon turanci ne, tunda a kasuwa ana loda wa mutum wasan sata a kan kuɗi kaɗan. Gaskiya ne ana yi. Amma wasan da ke neman intanet ba ya satuwa ta haka, waɗanda ke satuwa sun haɗa da na ƙananan kamfanonin da suka kyautata mana suka bar wasansu a buɗe. A Yawunde ma muna da irinsu: Kiro'o Games na Olivier Madiba, da suka fitar da Aurion a 2016 bayan shekaru suna fama da ɗaukewar wuta irin tamu. In akwai wanda ya cancanci dubu goma ko sha biyar ɗinmu, irin waɗannan ne.

Saboda haka in sabon wasan da ke ranka yana tashi ba rezo, yana adana wasa a kai a kai, na'urarka kuma za ta ɗauke shi, saye shi, amma ka bari ya yi wata biyu ko uku a kasuwa tukuna, ka kalli wani yana buga tsakiyarsa a YouTube, ba tallan kamfani ba. In kuwa a shafinsa an rubuta cewa sai da intanet a kowane lokaci, kai kuma da data ta waya kake shiga, bar musu kayansu.