Ƙaton koren maballi, kuɗin ruwa can ƙasa

Ranar Talata a kasuwar Mile 12 da ke Legas na zauna kusa da wani mai albasa, mutumin Sakkwato, yana ta fama da wata manhajar bashi da ya sauke a waya. Ga ƙaton koren maballi a tsakiya wai ya karɓi kuɗinsa yanzu-yanzu, ga agogo a sama yana ƙirga sakan kamar mota za ta tashi ta bar shi. Ya ce min, "Malam, duba min nawa zan biya." Wallahi sai da na kawo wayar kusa da hancina kafin na ga kuɗin ruwan, can ƙasa da ɗan siririn rubutu ruwan toka, wajen da zai danna ya ce ya fasa kuwa sai da muka yi ta lalube.

Ni dai ban yarda kuskure ba ne. Mutum ne ya zauna a ofis ya zaɓi kalar nan da girman harafin nan, ya san mai latsawa a gajiye yake, a matse yake, kuma Turancin bai ishe shi ba. Tun 2010 wani Bature ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara irin wannan dabarar yana fallasa ta. A nan Najeriya ma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin masu bashin waya a Ikeja a 2022, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi shiga lambobin mutane da hotunansu. An gode, amma allon da ake yaudarar mutum a kai yana nan yadda yake.

Masu wannan sana'a za su ce ai talla ce, kowa na kiran kasuwarsa. Haka ne, mai tumatir ma yana ɗora manya a saman kwando. Sai dai shi kana iya sa hannu ka tona.

Kuma fa sun iya abin kirki in sun so. Duk mai tura kuɗi ya san yadda sunan mai akawun ke fitowa kafin ka sa PIN, wannan ɗan tsaikon ya ceci kuɗin mutane da yawa, musamman lokacin wahalar takardun naira a farkon 2023 da kowa ya koma taransifa dole. To haka nake so a yi wa bashi: a rubuta jimillar abin da za ka biya a naira, da ranar biya, da girma daidai da koren maballin, da Hausa da Yarbanci da Burokin, kuma maballin fasawa ya zauna kusa da shi inda ido zai gani.