Ba Kowane Sassaƙaƙƙen Dutse Ba Ne Na Sarki

Duk lokacin da aka tono wani dutse mai kyawun sassaƙa daga zamanin da ba a fara rubutu ba, abin da ake saurin cewa shi ne na wani basarake ne. A Zariya wannan fassarar ba ta da wuyar karɓuwa, domin mun san ba don dogarawa sarki ke riƙe sandar girma ba. Sai dai ina ganin hujja ce ya kamata ta yanke hukunci.

Akwai inda hujjar take da ƙarfi. Kimanin shekara 6,000 da suka wuce, an riƙa fasa wani koren dutse mai tauri a tsaunin Monte Viso na Italiya, ana goge shi har ya yi sheƙi a siffar gatari, kuma an tsinci irin waɗannan gatura har a Birtaniya, da yawansu babu alamar an taɓa sara da su. Abin da ya ci wahalar gugar hannu, ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000, sannan aka hana shi aiki, lalle daraja aka ajiye shi dominta.

Dunƙulallun duwatsun da mutanen dā suka sassaƙa kamar ƙwallo a Sikotland kuwa, waɗanda suka haura 400 kuma aka fi samu a yankin Aberdeenshire, lamarinsu daban ne. Zanen da ke jikin wanda aka samu a Towie ya isa abin mamaki, amma akasarinsu a gonaki aka tsince su, ba a kabari kusa da mai su ba, shi ya sa har yau masana ke jayayya ko makami ne, ko ma'auni, ko alamar mulki.

Wannan ne darasin da ya shafe mu. Manomin da ya ci karo da gatarin aradu, wato gatarin dutse na mutanen dā, a gindin dutsen Kufena ko na Turunku yakan kai shi gida ko ya sayar, alhali zurfin da dutsen yake da tarkacen tukwanen da ke gefensa su ne za su faɗi ko na talaka ne ko na mai mulki. Sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, kuma ya dace masu unguwanni da dagatai su san cewa can ake kai labari kafin a ɗaga dutsen daga inda yake kwance.