Jera lambobi a R: yadda ake yi a nan Ingila da yadda muke yi a gida

Jama'a, a nan ajin ƙididdiga tun makon farko R, wata manhajar lissafi ta kwamfuta, ake ɗora wa ɗalibai, kuma ba da wani babban lissafi ake farawa ba, jera lambobi ne kawai. Ka buga 1:10 ya zubo maka ɗaya zuwa goma. Ka buga seq(0, 100, by = 5) ya tafi biyar-biyar har ɗari. Shi ke nan fa.

Mu kuwa a gida manhajar ƙididdiga ta SPSS muka sani, shi ma yawanci wanda aka kwafo a filashi ne, sai Excel inda mutum zai rubuta 1 da 2 ya kama gefen akwatin ya yi ta ja ƙasa har hannu ya gaji. Ni a ganina hasara muke yi, don R kyauta ne, Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro shi a jami'ar Auckland ta New Zealand, kuma in ka sauke shi sau ɗaya yana aiki ko ba data.

Ɗauki ɗan furojet da zai raba takardar tambayoyi a unguwa mai gida 600, yana son gida 30, wato duk bayan gida ashirin ya shiga ɗaya, mu da biro muke zama muna ƙirgawa a bayan littafi, in an tsallake guda ba wanda zai sani har sufabaiza. A R kuwa seq(7, 600, by = 20) zai ba shi 7, 27, 47 har 587, talatin cif, kuma gobe wani ya buga layin nan abin da zai samu ke nan.

Amma fa yana da tarko. In ka rubuta 1:n alhali n ɗin sifili ne, ba zai ce maka babu komai ba, baya zai ƙirgo ya ba ka 1 da 0, lissafinka ya lalace shiru ba ko gargaɗi. Shi ya sa malamai a nan suke nacewa kan seq_len(n) da seq_along, waɗanda ke jera lambobi daga ɗaya amma in ba abin ƙirgawa ba sa ba ka komai. Haka seq(0, 1, by = 0.1), lamba ta huɗu a ido 0.3 ce amma ka tambayi R ko daidai take da 0.3 ya ce maka FALSE, saboda kwamfuta ba ta iya ajiye irin wannan gutsuren cif-cif, sai ka bi ta all.equal, wanda ke duba ko lambobi biyu kusan ɗaya suke.

Masu zuwa daga Python, wani yaren kwamfuta, kuma su kula, can daga sifili ake farawa kuma range(1, 10) a tara yake tsayawa, R daga ɗaya yake farawa ya haɗa da goman.