Ku Daina Gudun Fiziks, 'Yan SS2

Ƙannena, musamman masu shirin rajistar WAEC da NECO, yau da ku nake. Wannan ɗabi'a ta jefar da darasi don kawai "yana da wuya" ta fara isata.

Makon jiya ɗan maƙwabcinmu ya nuno mini takardar zaɓen darussansa, ya ja wa Fiziks layi da jan biro, ya cusa wani darasin a gefe. Na ce me kake son karantawa a jami'a? Ya ce injiniyanci. To Fiziks ɗin fa? Sai ya ce, "Yaya, malamin bai iya koyarwa ba, kuma kowa faɗuwa yake yi." Iyakar hujjarsa ke nan. Littafin JAMB da ya jera sharuɗɗan kowane kwas yana nan kyauta a intanet, amma bai taɓa leƙa shi ba, alhali da wayar yake kwana yana kallon TikTok.

To ku saurara. Darasi huɗu ake rubutawa a JAMB, Turanci dole ne, maki 400 gaba ɗaya. Mai son injiniyanci zai haɗa da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son likitanci, Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Kafin ABU ko BUK su dube ka a waɗannan kwasa-kwasai, sai ka kawo kiredit biyar, kuma wannan Fiziks ɗin da ka soke yana ciki. Jami'o'i da dama ma a zama ɗaya suke son sakamakon mai neman likitanci. Makarantar koyon aikin jinya da kuke ɗauka mafaka ce, ita ma sai da shi. Kai kuma da ka tsere ajin Art kana cewa lauya za ka zama, sai ga shi ka yar da Adabin Turanci wai littattafan sun yi yawa. Wace jami'a ce za ta ba ka karatun lauya babu shi? An gudu gara an faɗa gidan zago.

Ban ce kowa sai ya zama likita ba. Wanda ya san inda ya nufa, ya duba sharuɗɗa, ya ga darasin ba ya cikin hanyarsa, ya ajiye abinsa, babu laifi. Wanda nake faɗa da shi shi ne mai gudu don tsoro. Ya ci 30 a gwajin farko, ya gudu. Abokinsa ya fita, ya bi shi. An ce malamin yana da zafi, ya gudu. Kowa ya ci zomo ai ya ci gudu, amma ku naman kuke so a kawo muku har ɗaki. Ranar da za ku zauna gaban kwamfuta a wurin rajista, mai shigar da bayanai ya ɗago kai ya ce, "Wannan kwas ɗin ba zai karɓe ka ba," ranar za ku gane wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Daga nan sai shekara guda a gida, sai sabon kuɗin rajista daga aljihun uban da buhun masara ma da ƙyar yake saye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na 'yan mata. Yarinya mai ƙwaƙwalwa, sai ƙawaye su ce Fiziks na maza ne, ita kuma ta yarda. Gobe mu ne za mu cika asibiti da ƙorafin babu likita mace da za ta duba iyayenmu mata. Iyaye ma da nasu: maimakon su nemo wa yaro mai yi masa bita, sai su kai shi makarantar satar amsa su biya. Wannan kuma magana ce ta wata rana.

Ku daure, ku dage, ku tambayi na gaba da ku kafin ku ja wa wani darasi layi.

Amma ina na gaban ma? A da ɗan aji biyar ne ke tara ƙannensa bayan sallar Isha'i, a kewaye fitilar ƙwai, ana warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa da suka sha hannu har bangonsu ya cire. Abin kunya ne a ce wane ya gudu daga aji, har gida za a biyo shi. Yanzu yaro ya soke darasi, uba bai sani ba, makaranta ta sa hannu don sakamakonta ya yi kyau, yayan da za a tambaya kuwa yana can wani zauren WhatsApp yana jiran a turo masa amsa shi ma.