Wa mai ba gwamnan Hong Kong shawara yake yi wa aiki?

Duk sanda aka tayar da zancen miƙa Hong Kong ga Chaina ranar 1 ga Yulin 1997, Chris Patten ake ambata, gwamna na ƙarshe da Birtaniya ta naɗa a birnin. Ni kuwa wata kujera ce ta fi tsaya min a rai: ta mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa. A wancan zamanin aro shi ake yi daga ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, ya yi 'yan shekaru, ya koma inda ya fito. Shi ke hulɗa da Chaina, galibi ta reshen kamfanin dillancin labarai na Xinhua, wanda kowa ya san shi ne bakin Beijing a birnin.

Ku duba inda waɗanda suka zauna a kujerar suka ƙare. Murray MacLehose ya zama gwamna daga 1971 zuwa 1982. David Wilson ya riƙe ta daga 1977 zuwa 1981, sai ga shi gwamna a 1987. Alan Donald da Robin McLaren kuwa jakadun Birtaniya suka zama a Beijing, wannan na sauka wancan ya hau.

To, jama'a, mutumin da ƙarin girmansa ke hannun Landan, kuma yake sa ran gobe a Beijing zai yi aiki, wace irin shawara zai bayar? Ban ce maciya amana ba ne. Sun iya harshen, sun san halin shugabannin Chaina, sau da yawa ma hasashensu ya yi daidai. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, su kuwa gidansu ba Hong Kong ba ne.

An ga haka a tattaunawar da ta kai ga yarjejeniyar mayar wa Chaina Hong Kong a Disamban 1984. Gwamna Edward Youde, shi ma tsohon jakada a Beijing, a cikin tawagar Birtaniya ya zauna, don Chaina ta ƙi yarda a ce mutanen Hong Kong yake wakilta. Aka yanke makomar mutum sama da miliyan biyar ba su da kujera a teburin.

Da Patten ya zo a 1992, ɗan siyasa ne, ya yi biris da jan kunnen ƙwararrun ya faɗaɗa zaɓe. Percy Cradock, da ya daɗe yana ba Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher shawara, ya caccake shi a fili, Chaina kuma ta yi watsi da majalisar da aka zaɓa a 1995. Wasu na cewa Cradock ya yi gaskiya. Ni a ganina laifin ya girmi Patten. Birtaniya ta yi sama da shekara 150 a wurin, har Gwamna Lugga da ya ci mu da yaƙi ya mulke su daga 1907 zuwa 1912, amma sai a 1991 aka fara zaɓen 'yan majalisa kai tsaye. Babban sakataren gwamnati kuwa, sai a 1993 aka ba 'yar ƙasa, Anson Chan, saura shekara huɗu a tattara kaya.