Injiniyan da ke cin abinci da sabar ɗinmu

Wallahi abin da ake mana a wannan maɗaba'a ya ishe ni. Muna da kwamfuta guda a lungun ofis, ita ce sabar ɗinmu, manhajar Ubuntu ce a kanta da Samba mai raba fayil ga sauran kwamfutoci, ita ke riƙe duk aikinmu: katunan ɗaurin aure, kalandu, fastoci, takardun makarantu. Sauran kwamfutocin Windows daga wurinta suke ɗauko fayil. Kuma kowa a Kaduna ya san yadda wuta take. Ana ɗaukewa a tada janareto, sabar ta kunnu, fitilarta na haske, amma ka danna babban fayil ɗin a ce ba a same shi ba.

Sai a kira injiniyan da muke biya duk wata. "Ina Kawo, Alhaji, ga ni nan tafe." Ga-ni-nan ɗinsa sai bayan La'asar. Ya zo ya juya mana baya, ya buga umarni layi ɗaya a kwamfutar, komai ya dawo, ya karɓi kuɗin mai ya tafi. Ka tambaye shi me ya lalace, ya ce ai ba za ka gane ba. Ranar wata Alhamis wani dattijo daga Tudun Wada ya wuni a kan benci yana jiran katin auren 'yarsa da za a raba a masallacin Juma'a, ga takarda, ga tawada, ga inji, zanen kuwa yana kulle cikin akwatin da ke gabanmu. Kunyar da na ji ranar har yanzu tana cina.

Wata yarinya mai bautar ƙasa ce ta tona asirin. Ta buga umarnin systemctl status smbd don ganin halin da smbd, ɓangaren Samba mai raba fayil, yake ciki, ta karanta abin da na'urar ta rubuta da kanta. Ashe a smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, an sa bind interfaces only = yes, wato Samba ba za ta saurari kowa ba sai ta katin sadarwar da aka ambata mata. Idan wuta ta dawo, sabar na riga rauta (na'urar da ke raba wa kwamfutoci adireshi) farkawa, ba ta samu adireshin IP ba tukuna, sai smbd ya rasa inda zai buɗe ƙofa ta 445, wadda sauran kwamfutoci ke shigowa ta cikinta, ya mutu. Abin da injiniyan ke yi kawai shi ne sake tada shi da hannu! Yarinyar ta ba sabar adireshi tsayayye, ta duba saitin da umarnin testparm, ta kuma gyara fstab, fayil ɗin jerin faifai, ya riƙa gane faifan ajiya da lambarsa ta musamman (UUID) maimakon /dev/sdb1, sunan da kan sauya idan an bar filashi a jiki.

To, Malam Injiniya, ko dai ba ka sani ba, ko ka sani ka ɓoye don a ci gaba da kiranka. Duk wanda ya kasance, kuɗinmu ka ci ba bisa haƙƙi ba. Batirin UPS, na'urar riƙe wuta idan an ɗauke, da ka karɓi kuɗinsa tun kafin azumi ma har yau ba mu gani ba. Ƙarshen watan nan ka kawo mana kalmar sirrin sabar da batirinmu, ko kuɗin.